Kulob Mai Bango Biyu a Jibiya

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, har kowane akawu ya sayi babur, ita ce shekarar da aka tura ni Jibiya. Ban daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba, ina aiki a ma'aikatar ayyuka a Kaduna, inda babban aikina shi ne kwafe zanen da wasu suka yi tun zamanin Turawa. Wata safiya maigidana na ofis ya kira ni, ya ce an gama wa ma'aikatan kan iyaka gidaje a Jibiya, yanzu kuma suna son kulob, wurin da za su riƙa haɗuwa su huta in an tashi daga aiki. Manyanmu duk sun ce wurin ya yi nisa. Ni kuwa na ce zan je, don karo na farko ke nan da za a miƙo mini farar takarda a ce in zana abin da na ga dama.

Kwatas ɗin na nan gefen hanyar Magama. Gidaje ne farare a jere, kwanon rufinsu na ƙyalli har ya kashe ido. Da can gonar gero ce, buldoza ta share komai, sai tsamiya ɗaya da aka bari a tsakiyar filin da aka ware wa kulob. Wasu sun ce direban buldozar tsoron aljanu ya ji. Shi da na tambaye shi, ya ce a gindinta yake cin abincin rana, shi ke nan.

'Yan kwastan ne suka fi yawa a gidajen, sai 'yan shige-da-fice, da malaman asibiti, da likitan dabbobi mai duba shanun da ake shigowa da su daga Nijar. Babbansu duka jami'in kwastan ne, mutumin ƙasar Jos, Kirista, dogo mai yawan dariya, kowa Oga yake ce masa har matarsa. Shi ya tarbe ni. Tun kafin in sha ruwa ya fara lissafo mini abin da yake so.

“Injiniya, kulob nake so irin na Kaduna. Babban ɗaki, sanyi kamar cikin firji. Wurin ƙwallon tebur. Da ɗan lungu inda mutum zai jiƙa maƙogwaro.”

Na ce, “Yallaɓai, ni ba injiniya ba ne, mai zane ne.”

“To, Injiniya mai zane.”

Haka sunan ya bi ni har na bar garin.

Likitan dabbobi na zaune a wurin. Bakatsine ne mai sanyin magana, aminin Oga, kullum suna tare suna gardama. Da ya ji zancen jiƙa maƙogwaro sai ya ce shi ba ruwansa, amma a kai lungun can yamma, a bar musu gabas su yi salla. Oga ya ce ya yarda, dama shi rana mai faɗuwa ya fi so ya kalla. Maganar da na zaci za ta ci mana wata guda, a nan ta ƙare.

Ɗan kwangilar wani Alhaji ne ɗan garin, wanda ya fara da fataucin gero da wake kafin gini ya buɗe. Gajere ne kakkaura, yana da fijo mai buɗaɗɗen baya da ba ya yarda kowa ya tuƙa. Shi burinsa gilashi. Ya taɓa shiga wani banki a Kano ya ga gilashi tun daga ƙasa har sama, abin bai bar ransa ba.

Zanen farko da na yi ya ba kowa abin da ya nema. Dogon akwati ne, gilashi a gaba, na'urorin sanyaya ɗaki a jere a jikin bango, ƙofa ɗaya babba. Lambun na zana shi a baya, shimfiɗar ciyawa da furanni, wanda sai ka fita ka zagaya ginin kafin ka kai gare shi. Tsamiyar ma tana can baya. A lokacin kowa haka yake gini, don ɗakin da ba ya shan iskar waje shi ne alamar an ci gaba. Oga ya duba ya ce madalla. Alhaji ya sa yatsa a kan gilashin ya yi ta murmushi.

Ana cikin haƙa harsashi Alhaji ya ce in raka shi Maraɗi sayen fenti da makullai, wai na can sun fi ƙarko. Muka tafi da sassafe. A kan iyaka babu wanda bai san shi ba. 'Yan duwan, wato kwastan na Nijar, suna ɗaga masa hannu, jandarma na tambayarsa iyali, shi kuma yana jefa musu 'yan kalmomin Faransancin da ya tsinta a fatauci. Da muka gama sayayya rana ta take, ya ce mu je mu ci abinci wurin wata mata 'yar Dahomey.

Ɗakin cin abincin bango uku gare shi. Na huɗun babu. Daɓen ɗakin ya zarce waje ba tare da ko matakala ba, ya shige ƙarƙashin itatuwan bedi, wato darbejiya, da mangwaro, tebura na ciki, tebura na waje, ba ka iya cewa ga inda ɗaki ya ƙare. Wani fure mai ja ya hau ginshiƙi ya kwanta bisa rufi. Waje ana zafi mai narka kwalta, mu kuwa muna zaune iska na ratsa mu. Aka kawo shinkafa da zabo da dogon burodin nan nasu. Na manta da abincin, ina ta kallon sama da ƙasa, har na tashi na auna tsawon rufin da ido.

Alhaji ya ce, “Mi kake kallo?”

“Bangon nan da babu.”

“Kuɗin ida shi ne ba ta da su, baiwar Allah. Ci abincinka.”

Kafin mu tafi na roƙi matar reshen furen nan. Ta yanko mini, ta dasa a gwangwanin madara, ta ce in ba shi ruwa kaɗan kaɗan, ba ya son shagwaɓa. Na riƙe gwangwanin a cinya har Jibiya.

Cikin makon na sake zanen. Na juya ginin ya fuskanci tsamiya. Gefen lambu na cire bango da gilashi, na sa ginshiƙai da ƙofofin ƙarfe masu naɗewa, waɗanda in an ture su gefe ɗakin zai buɗe gaba ɗaya. Daɓen na zarce da shi waje har gindin tsamiya. Rufin na ja shi ya fito sosai ya yi baranda mai faɗi, don rana kada ta shigo, feshin ruwa ma ya tsaya a waje. Sauran gefe ukun na bar su da bango da tagogi.

Oga ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, “To sanyin fa? In ka buɗe nan duk zai gudu.”

“In ana son sanyin inji sai a rufe ƙofofin, Yallaɓai. In janareta ya ƙi tashi sai a buɗe.”

Janaretan kwatas kuwa ya fi ƙin tashi a kan tashi, kowa ya sani. Oga ya yi dariya ya ce a yi haka. Alhaji ne bai ji daɗi ba. Ya ce ya riga ya yi odar gilashi daga Kano, kuma mutane za su ce rumfar kasuwa ya gina wa gwamnati. Na lallashe shi da cewa za mu sama wa gilashinsa wuri. Na aika sabon zanen Kaduna, maigidana ya sa hannu, aiki ya ci gaba.

An zuba daɓe, an ta da ginshiƙai, an ɗora rufi. An gina bangon arewa da sito da banɗakuna, da bangon yamma inda lungun Oga yake. Daga nan siminti ya yanke. Ana ta jin labarin jiragen ruwa sun yi cincirindo a Legas maƙare da siminti, an rasa inda za a sauke, mu kuwa a nan ko buhu ɗaya ba a gani. Alhaji ya je Katsina, ya je Kano, ya dawo hannu wofi. Birkiloli suka watse, damina ta kama, kowa ya koma gonarsa. Aka bar mu da gini mai bango biyu, kudu da gabas a buɗe, ƙofofin ma suna can wurin mai walda a Katsina.

Na so in koma Kaduna, aka ce in zauna, siminti na nan tafe. Na zauna a ɗan ɗakin da aka ba ni, ba aikin fari ba na baƙi, sai shayar da furen gwangwani, wanda daga baya na dasa a gindin ginshiƙin kusurwa.

Oga ne ya fara karya doka. Teburin ƙwallonsa ya iso daga Kaduna, babu ɗakin da zai ɗauke shi a gidansa, sai ya sa aka kafa shi a tsakiyar ginin da ba a gama ba. Da la'asar ya zo da gajeren wando da farar singileti, ya kira wani ɗan shige-da-fice suka fara bugawa. Washegari 'yan daraf suka kawo allonsu da benci. Likita ya shimfiɗa tabarma a gefen gabas, masu salla suka bi shi. Wani malamin asibiti ya kawo rediyo. Kafin wata ya zagayo, kulob ya buɗe da kansa, ba a yanka ƙyalle ba, ba a gayyaci kowa ba.

Ni na samu abin kallo. Nakan zauna a kan tarin bulo in ga yadda mutane ke bin inuwa. Da hantsi suna ciki, da la'asar su jawo benci baranda, in rana ta yi sanyi su gangara gindin tsamiya. Ba wanda ke cewa zan fita ko zan shiga. Sai dai ka ga mutum ya ja kujerarsa gaba kaɗan yana ci gaba da zancensa.

Rannan ina zaune sai ga mata biyu sun nufo ni. Ɗaya matar likita ce, malamar firamare, kowa Malama yake ce mata. Ɗayar matar Oga ce, wadda ake kira Madam. Ƙawaye ne kamar mazansu, amma su ba sa gardama, baki ɗaya suke magana.

Malama ta ce, “Sannu da hutawa, Malam. An ce kai ne mai filin nan na baya.”

“Na gwamnati ne, Malama. Ni dai na zana shi.”

“Me za a sa a ciki?”

“Ciyawa da furanni.”

Suka dubi juna. Madam ta ce, “Ƙanena, ciyawa ai ta cika duniya. Mu a gidajen nan an daɓe mana tsakar gida da siminti ƙaf, ko barkono babu inda mutum zai soka. Ga rijiyarku ta gini tana zaune ba ta aikin komai.”

Na ce lambun kulob don kallo ake yin sa. Malama ta ce kuɓewa ma tana fure, kuma ta fi wasu furannin kyau. Muka yi ciniki kamar a kasuwa. Suka nemi filin duka, na ce rubu'i, muka tsaya a rabi. Gefen da ke daura da baranda na riƙe, su suka ɗauki gefen gabas har bakin rijiya. Sannan Malama ta kawo maganar da ta fi kawo su. Ta ce mata da yawa a kwatas na so su fito su sha iska, amma ba za su zauna maza na kallonsu ba, su kuma ba sa son a rufe su a wani ɗaki.

Na ce zan gina musu katanga in siminti ya zo.

“A'a, katanga mun gaji da ita. A dasa lalle a jere. Zai kai kafaɗa, muna jin ku, kuna jin mu, kowa na wurinsa. Ga ƙanshi in ya yi fure, ga na ƙunshi.”

Aka dasa lallen. Bayansa suka tayar da kunya-kunya, suka zuba yakuwa da kuɓewa da alayyafo da tumatir, suka kafa zogale a bakin rijiya. Madam ta kawo wani irin ganyen miya daga ƙasarsu wanda ba mu san shi ba, kafin kaka kowane gida na cin sa. Ni kuma gefena ciyawar da na shuka ta fito a wasu wurare, a wasu ta ƙi, tamkar kan mai sanƙo. Furen Maraɗi ne kawai ya fid da ni kunya. Ya kama ginshiƙi ya hau, ya soma ja, har Alhaji in ya zo duba kayansa yakan tsaya ya kalle shi, ko da yake bai taɓa yaba shi da baki ba.

Ran Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, hanyar gaban kwatas takan cika da jakuna da amalanke da manyan motoci da raƙuman Buzaye. Wata Lahadi bayan la'asar Oga na tsakiyar wasa, ya kusa cinye abokin karawarsa, sai muka ga inuwa ta rufe teburin. Raƙumi ne. Ya tsinke daga inda aka ɗaure shi, ya ratso fili, ya zuro wuyansa ƙarƙashin rufi, yana tsinkar furena a natse, leɓensa na rawa. 'Yan daraf suka watse da allo. Ta bayan lalle muka ji mata na dariya, don su ya riga ya bi ta kansu ya ɗanɗana zogale.

Oga ya tsaya riƙe da faifan bugunsa, ya dubi raƙumin sama da ƙasa, ya ce, “Wannan baƙon ya nuna takardunsa a kan iyaka kuwa?”

Likita ya ce lafiyarsa dai ƙalau, shi ya duba shi da safe.

Ni ban yi dariya ba, ina ji ina gani aka cinye rabin abin da na yi wata da watanni ina reno. Can sai ga mai raƙumin da gudu, wani Buzu dattijo da rawani, yana ta ba da haƙuri. Oga ya ce ba komai, ya zauna ya huta. Buzun ya ɗaure raƙumin can nesa, ya dawo ya fito da 'yar butarsa da gawayi, ya dafa mana shayi a bakin baranda. Tun daga ranar duk Lahadin da ya zo kasuwa sai ya biyo, ya zama ɗan kulob ba tare da an rubuta shi ba. Furen kuma ya sake tohowa, har ya fi da yawa.

Raƙumin nan shi ya sa na sake tunani. Kafin shi awaki sun sha shigowa, ana korar su, ina cewa in an sa ƙofofi magana ta ƙare. Amma ƙofofin ɗaki za su kare, lambun fa? Sai na ga ashe ba a bakin ɗaki ya kamata iyakar ginin ta tsaya ba. Na ɗauko takarda na zagaye lambun duka da katanga, ɗaki da baranda da tsamiya da rijiya da kunyoyin mata duk suka koma ciki guda, ƙofar shiga ɗaya daga titi. Lambun ya zama tsakar gida, ɗakin ya zama kamar rumfar da ke cikinta. Katangar ban yi ta da tsawo ba, kuma daga sama na sa bulo mai huda, don iskar da ke tasowa daga gulbin garin ta riƙa wucewa.

Bayan kaka Alhaji ya zo da fara'a, ya ce ya samo siminti a Nijar, kamiyo biyu, manyan motocin kaya, na nan bisa hanya. Ya ɗan rage murya ya ce wa Oga, tunda na kulob ɗinsu ne, ai sai a ɗaga sandar kan iyaka kawai su wuce.

Oga ya ce, “Alhaji, so kake in riƙa buga ƙwallo a cikin kayan fasa-ƙwauri? Ka biya, a ba ka rasit.”

Alhaji ya biya yana gunaguni, ya ce bai taɓa ganin mai gida ya tare kayan gidansa a ƙofa ba.

Da siminti ya sauka sai aka kira taro, a yanke yadda za a ƙarasa. A cikin ginin aka yi shi, maza a kan benci, mata daga bayan lalle, Malama ce bakinsu, lokacin tana da ƙaramin ciki. Bisa zane, saura bangon gabas da ƙofofin kudu. Na nuna musu sabon zanen katanga, kowa ya yarda, don babu wanda bai yi tseren akuya ba. Bangon gabas ne ya kawo gardama.

Oga ya ce a gina shi. Ya ce shi iska ta ishe shi, ƙwallon ba ta da nauyi, in ya buga dama sai ta tafi hagu, shi ya sa ake cinye shi. Abokin karawarsa ya ce iskar ai kowa take kaɗawa. Likita ya ce in aka toshe gabas, masu salla za su koma cikin zafi. Malama ta ɗago murya daga bayan lalle ta ce ta wannan gefen suke hango yaransu in suna wasa a ciki, in an rufe sai dai su riƙa aike. Alhaji kuma ya ce shi duk abin da za a yi a yi, amma gilashinsa na sito tun bara, in bai ga an kafa shi ba ba zai yafe ba.

Muka yi ta juya magana har inuwa ta bar mu, muka ja benci gaba. Daga ƙarshe na ce a yanki gefen yamma, kusa da lungun Oga, a yi ɗaki guda rufaffe. A zuba masa gilashin Alhaji tun daga ƙasa har sama, yana kallon lambu, a sa masa na'urar sanyi, a kai teburin ƙwallo ciki. Sauran ɗakin a bar shi yadda mutane suka saba da shi, gabas a sa masa ƙofofi masu naɗewa irin na kudu, sai ɗan dakali na zama tsakanin ginshiƙai.

Oga ya ce, “Wato ni za a kulle a kwalba.”

Likita ya ce, “Mu dai mu ga ko iska ce.”

Haka aka yi. Ba iska ba ce, amma ba wanda ya faɗa masa.

Aikin ya ɗauke mu har bazara. Ƙofofin suka iso daga Katsina, kore shar, masu nauyin gaske, sai mutum biyu sun haɗu suke ture ɗaya. Muka gwada su sau ɗaya muka naɗe, aka bar su a naɗe. Alhaji ya kafa gilashinsa, ya sa aka goge shi da tsohuwar jarida har yana ɗaukar ido, ya riƙa kawo abokansa 'yan kasuwa su gani. In sun tambaye shi sauran ginin da ba bango, sai ya ce sabon yayi ne, daga Maraɗi ya gano shi.

Ana shirin bikin buɗewa, ana jiran amsa daga manya, sai Malama ta haihu. Likita ya ce gidansa ba zai ɗauki jama'a ba, ko za a ba shi aron kulob ranar suna. Da safe aka raɗa suna a ƙofar gidansa, walima kuma aka sa ta da la'asar a kulob. Mata suka cika gefen rijiya da gindin tsamiya da tukwane da tabarmi, maza na ciki da baranda. Mutanen gari sun zo, an zo daga Daddara da Bugaje inda likita ke zuwa allurar shanu, Buzun nan ma ya zo da butarsa. Madam ce uwar girki, tana ta ba da umarni da ludayi a hannu.

Ana fara rabon abinci sai ga wata mota ta tsaya a ƙofa. Maigidana ne na Kaduna, ya biyo daga rangadi ya ga inda aka kwana. Ya shigo da kwat da takalmi mai ƙyalli, ya tsaya yana duban katanga, yana duban ɗakin gilashi, yana duban kuɓewa. Ban kai ga gaishe shi da kyau ba gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙarfi, ta kwashe faifai da murafen kwanoni, tsamiya ta shiga kaɗawa, sai ruwan farko na shekarar ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Duk wanda ke lambu ya yo ciki. Mata da tukwane, yara da tabarmi, wata tsohuwa rungume da jaririyar, ba wanda ya tsaya neman gefen maza ko na mata. Feshi na shigowa ta gabas har tsakiyar ɗaki. Oga ya daka tsawa a rufe ƙofofi. Muka kama, ni da likita da Alhaji da Buzu, maigidana ma ya tuɓe kwat ya sa kafaɗa. Da ƙyar suka motsa, suna ƙara, muka jawo su ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya rufe. Ana cikin haki sai wata mata ta ce an bar tukunyar miya a waje, aka fashe da dariya, wani saurayi ya buɗe ƙofa kaɗan ya fita ya ɗauko ta.

A nan aka ci abincin, a cunkushe, kowa a jiƙe. Aka fito da teburin ƙwallon Oga aka jera kwanoni a kai, yana kallo. Da ruwa ya tsagaita muka sake ture ƙofofin, ƙanshin ƙasa da na lalle ya shigo, yara suka fita suna tsalle a ruwan da ya kwanta kan daɓe.

Maigidana na zaune a dakali da kwanon waina a cinya, rigarsa ta manne masa a jiki. Ya yafito ni.

“Wannan ba shi ne abin da na sa wa hannu ba.”

“Haka ne, Yallaɓai. Siminti ne ya yanke, mutane suka shiga kafin a gama.”

“Kuɓewar fa?”

“Ta matan kwatas ce.”

Ya cinye wainar da ke hannunsa, ya sake duban wurin. Ya ce in zana masa ginin yadda yake a tsaye, da katangar da lallen da komai, in kai masa Kaduna, don fayil ya dace da abin da ke ƙasa. Kuɓewar dai, in ji shi, in rubuta furanni.

Bikin buɗewar ba a taɓa yin sa ba, don manyan da ake jira an yi musu canjin wurin aiki, waɗanda suka gaje su kuma sun ɗauka an riga an yi. Na ƙara 'yan makonni ina gyara magudanar ruwa, saboda ruwan ranar ya nuna mini inda yake kwanciya. Daga nan takarda ta zo, aka tura ni Funtuwa zanen ɗakin shan magani. Alhaji ne ya kai ni tashar mota a fijonsa. A hanya ya ce yana so ya gina sabon gida a bayan kasuwa, ko zan zana masa kafin in yi nisa. Na ce wane iri yake so. Ya ce mai gilashi a gaba, amma ta baya, wajen garka, wato lambu, in bar masa a buɗe.